Saki Ukun da Iya Barira ta Ƙirga

Iya Barira tana tankaɗen garin masara a gidanta na Tunga, sai maƙwabciyarta Theresa ta leƙo ta katanga.

"Iya, zo ki ga jikarki a talabijin!"

Ta je da rariya a hannu. Ga Sakinatu a cikin akwatin tana kuka, ga mijinta Maiwada yana nuna mata ƙofa: "Tafi gidanku, na sake ki!"

Kafin magariba Iya ta isa gidansu a Sabon Gari. Ta tarar da su biyun suna cin tuwo kwano ɗaya, har da dariya. Kanta ya ɗaure, amma ba ta bari an gani ba.

"Ke, ɗauki mayafinki."

"Iya, lafiya?"

"Uku ke nan! Bara waccan ya faɗa a rediyo, na yi shiru. Bara ya faɗa a dandali, har aka tafa masa. Yau na gani da idona. Ban yi boko ba, amma na iya ƙirga."

"Haba Iya, aktin ne fa!" in ji Maiwada. "Wasa ɗaya ne ake ta maimaitawa. Kowa ya hana 'yarsa fitowa, shi ya sa na roƙi Sakinatu—"

"Bakin wa ya furta?"

"Nawa, amma—"

"Kunnen wa ya ji?"

Haka Iya ta tasa Sakinatu gaba.

Mako uku Sakinatu tana kuka a ɗaki. "Iya, wai ni idda nake yi ko baƙunta?"

Iya ta ga mutuwar aure ba adadi, amma ba ta taɓa ganin wanda ya yi saki yana zuwa kullum ya durƙusa a zaure, a kore shi, ya yi godiya, gobe ya dawo ba.

Ran nan Theresa ta kawo labari. An kira Maiwada Kaduna ya fito a fim, abin da ya shekara goma yana nema, ya ce ba ya so, saboda akwai waccan kalmar a ciki.

Iya ta yafa gyale, ta sa a kira shi, suka nufi zauren Malam Ndatsu.

Malam ya saurari kowa, ya yi wa Maiwada tambayoyi har ya yi gumi. "Maganar wani ya ɗauko yana nunawa, ba matarsa ya nufa ba. Aure yana nan. Amma kai, wannan kalma ba ta wasa ba ce."

"To wacece aka saka?" in ji Iya.

"Ba kowa, Iya."

"Matar da babu ita, an sake ta sau uku. Oho, ku kuka sani!" Ta juya ga Maiwada. "A kashe ka a wasa, a ɗaure ka, ba ruwana. Amma ka ƙara faɗa wa jikata haka, ko a mafarki—"

"Na tuba, Iya."

"Je ka ɗauki matarka. Ta cika min gida da majina."

Maiwada ya yi finafinai daga baya, bai sake furta kalmar ba. Haƙurinsa ya dawo masa da matarsa, kuma ya gane aure ba abin da ake ara wa wasa ba ne.