Ɓawon Shuɗi a Turmin Kaftin

Da hantsi aka kira Insifekta Ra'afat: Usta Fatahalla, makanikin jiragen ruwa, ya yanke jiki ya faɗi a gidan ɗaga ƙarfe na unguwarsu a Iskandariyya, rai ya yi halinsa.

Likita ya yi ƙasa da murya. "Shuɗiyar ƙwayar nan ta ƙarfin maza ce a jininsa, ya Basha, ranka ya daɗe. Da ƙirji ya riƙe shi, sai ya sa maganin zuciyarsa ƙarƙashin harshe. Biyun ba sa haɗuwa, jininsa ya sauka gaba ɗaya."

Kafin azahar unguwa ta ɗauka. Dattijo da sassafe, gun wace ya nufa? Matarsa Nawal ta kasa ɗaga ido gaban masu ta'aziyya.

"Shekara uku muna zaune kamar wa da ƙanwa, saboda zuciyarsa," ta ce wa Ra'afat, kunya kamar ta nutse. "Ka wanke masa suna, ya Basha."

A gidan ɗaga ƙarfen, Kaftin Bahagat, mai horar da 'yan wurin, ya tare Ra'afat yana gyara damtse.

"Me marigayin ya sha a nan?" in ji Ra'afat.

"Ruwa kawai, na rantse da rahamar mahaifiyata!"

"Waɗannan kofunan fa?"

"Ruwan rake ne, na ƙarin kuzari."

A bayan kantar wurin akwai ɗan turmin tagulla, cikinsa farin gari.

"Sukari ne," in ji Kaftin.

Sajan Awad, mataimakin Ra'afat, ya yarda. Ra'afat kuwa ya lakato wani ɗan ɓawo shuɗi a bakin turmin.

"Rigar ƙwayar ce kawai shuɗiya, cikinta fari ne. Ɓarewa kake yi kafin ka daka."

Duk ƙaton nan sai ya zauna daɓas.

"Jijiyoyi take kumbura musu, su duba madubi su ce Kaftin ya iya aiki. Kowa ina zuba masa a ruwan rake. Wallahi ban san yana da ciwon zuciya ba!"

"Ka tambaye shi?"

Bai tambaya ba. Aka sa masa ankwa, Ra'afat ya sa aka bi da shi ta ƙofar gidan makokin, ya maimaita abin da ya faɗa gaban jama'a. Sai a lokacin Nawal ta fashe da kuka.

A mota Awad ya ce, "Basha, ya aka yi ka san cikinta fari ne?"

Kunnuwan Ra'afat suka yi zafi. Rabin irin ƙwayar na cikin aljihunsa, ga ƙwallon da zai buga da yamma, ga ciwon ƙirjin da ya ɓoye wa kowa.

"Tuƙa," ya ce. "Ka sauke ni wurin likitan nan."