Takardar Gado Na Shida

"Ina takardar da na rubuta?"

"Wace takarda kuma, zuciyata?"

"Ajiye zuciyata a gefe. Takardar maganin yaron gado na shida."

Ya tura ƙofar ɗakin hutun likitoci, ya jingina da ita. Shi ke gaba da ni a koyon aiki, shi ke tsara mana jadawalin kwana, shi ne kuma wanda saura wata biyu in zama matarsa.

"Na cire ta daga fayil," ya ce a hankali. "Na rubuta sabuwa, na sa hannu."



Awa talatin da huɗu ina tsaye. Da safen nan na rubuta wa yaro ɗan shekara uku allura, maimakon biyar hannuna ya rubuta hamsin. Ba don Sista mai jinya ta tsaya ta sake duba takardar ba, da yanzu uwarsa na kuka.

"Wa ya sa ka?"

"So ne ya sa ni. Yaron lafiyarsa ƙalau. In Shugaban sashe ya gani, wata shida zai ƙara miki a koyon aiki. Umma dama cewa take matar da ba ta kwana a gida ba mata ba ce, kina so in je in ce mata an ɗaga biki?"

"Au, bikin ka ceta kenan."

"Ke na ceta."

"Ni?" Na yi wata dariya mai ɗaci. "Sannu babban likita. Waye ya jera min kwana uku a asibiti?"

Ya kau da kai.

"Mu biyar ne, aikin mutum goma sha biyu. Ya kike so in yi? In na sassauta miki, ƙawarki ta cikinmu mai kai rahoto za ta ce ina fifita budurwata..."

"Shi ne ka ninka min, don a ce kai adali ne."

"Ni ma rabona da gadona tun Litinin."

Sai a lokacin na dube shi sosai. Maɓallan rigarsa a harɗe, idanunsa jajur. Tausayi ya taso min, na danne shi.

"Masoyi," na ce, "takardar nan ita kaɗai ce shaidar abin da ake mana. In ta ɓace, gobe wata za ta rubuta hamsin, ranar kuma Sista ba ta kusa. Ba zan iya kwana da wannan ba... kuma ba zan auri mai ɓoye shi ba."

"Ko da za a ɗaga bikin?"

"Ko da za a fasa."

Ya sa hannu a aljihu, ya zaro takardar a dunƙule, ya shimfiɗa ta a kan tebur yana gogewa da tafin hannu.

"Umma za ta cinye ni ɗanye."

"Sai in yi maka ɗinki."

Murmushi ya suɓuce masa. Ya ciro jadawalin daga jikin bango, ya haɗa da takardar, ya buɗe ƙofa.

"Wanke fuskarki mu je ofishin Shugaba. Ni zan fara magana: ni na cire takardar, ni kuma na hana ki barci."