Maganina na Ƙetaren Gulbi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, kuma abin da zan faɗa ko ƙawayena ba su sani ba.

Da ƙwayar cutar sida aka haife ni. Bayan rasuwar innata, Gwaggo Jumma ta riƙe ni a Gaya, ita kaɗai ta sani. Don gudun idon sani, a Malanbil nake karɓo magani, can ƙetaren gulbi. Da aka rufe gada, sai na koma shiga kwale-kwale.

Ranar farko na runtse ido, na ƙanƙame bakin jirgin. Sai na ji murya daga baya.

"Baiwar Allah, buɗe idonki. Dorina ta tafi kasuwa yau."

Mutane suka kwashe da dariya. Na waiga, na ga matuƙin, dogon saurayi mai wushirya. Alfari ke nan, ɗan garin Tunuga. Kafin mu sauka ya roƙi lambata, na faɗa masa kaina a ƙasa.

Ina isa gida saƙonsa ya shigo: "Matsoraciyata, kin sauka lafiya? Tun da kika fita jirgin nan ya ƙi tafiya daidai."

Haka muka fara. Ya zo ya gai da Gwaggo, yana kawo mana kifi. Wata rana muna hira a ƙofar gida ya ce, "Madina, kowa na dawowa daga Malanbil da buhu a ka. Ke kuwa hannu biyu kike dawowa. Me kike zuwa yi?"

Na ce ziyara.

Matuƙan nan duk sun san juna, duk wanda ya ɗauke ni sai ya gaya wa Alfari. Da lokacin karɓo magani ya yi, na kasa zuwa bakin ruwa. Na koma sha yau in tsallake gobe, don ya daɗe. Daga baya gwangwanin maganin ya ƙare.

Zazzaɓi ya fara, sai tari, sai zanena ya daina zama a ƙuguna. Mahaifiyar Alfari ta gan ni a wani suna, ta ce masa, "Wannan kullum rama take. Ka nemi mai lafiya."

Ranar da Gwaggo ta girgiza gwangwanin ta ji shiru, zama ta yi a ƙasa.

"Haka innarki ta yi," in ji ta. "Ta daina sha don kada a gani. Ni na yi mata wanka, Madina. Ba zan yi miki ba."

Na ɗauki waya na rubuta masa: "Alfari, ina da ƙwayar cutar sida tun haihuwa. Magani nake zuwa karɓa. Na daina don tsoron ka sani. In ka fasa, ban ga laifinka ba, amma don Allah ka rufa mini asiri."

Bai amsa ba. Na kira, a kashe. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai gabana ya faɗi, ina jin kamar Gaya duka ta riga ta ji.

Da ya zo, fuskarsa ba dariya.

"Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Sai da na je gidan likita, na yi gwaji, na yi ta tambaya. An ce mai sha kullum, cutar na kwantawa har ba ta kama miji, 'ya'ya ma ana iya kare su. Ke kuwa kin daina! Saboda ni za ki mutu?"

Sai na fashe da kuka.

"Tashi ki sa hijabi, Matsoraciyata. A nan Gaya za ki riƙa karɓa. Wanda ya gan mu ya gan mu."

Muka je tare. Likitar ta yi mini faɗa sosai, ta ce in na riƙa tsallakewa magani na iya daina aiki. Ta sa muka jira da maganar aure har gwaji ya nuna cutar ta kwanta. Jikina ya dawo, mahaifiyarsa ta sauko, aka ɗaura aure. Gwaggo ta dafa kaina ta ce Allah ya ba mu zaman lafiya da zuri'a mai albarka.

Washegari da safe danginsa suka cika tsakar gida, ƙanwarsa na buga ƙofa da kunun amarya. Lokacin shan magani ya yi, gabana ya faɗi kamar kullum. Alfari ya miƙo mini ruwa. Na ɗauko ƙwayar maganin na haɗiye, sannan na ce ta shigo.