Bisimillar da Maitama Ya Haɗiye

Ana shirin sallar magariba a gidan Maitama da ke Woodbridge a Amurka, sai ƙusa ta faɗo cikin kwanon miya. Tsohuwa ce, duk tsatsa. Ta biyu ta bugi taga, daga cikin ɗaki. Matarsa Umaima ta saki salati. Gogan naku kuwa ya san irinta: da ita ake haɗa fiffiken jirgi.

Injiniya ne. Ran Asabar yakan taimaka a wani gidan adana jirage, inda suke gyaran jirgin yaƙi na zamanin yaƙin Hitila.

Kwana uku ana ruwan ƙusa da almuru. A na huɗu, 'yarsu Sadiyya, wadda ko sannu aka yi mata da Turanci take amsawa, ta zauna a matakala tana rusa kuka da Hausar tsofaffin Kano, muryar ba tata ba.

Aka ɗauko Malam Fatihu daga Greenbelt. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin ya ce, "Wace ce ke?"

"Baƙuwa. A Kano na shiga jirgin nan, ranar da ya sauka shan mai. Shekara tamanin ina ciki, ban taɓa kowa ba. Tambayi ubanta abin da ya zuba."

Maitama ya sunkuyar da kai. Ruwan zafi ne ya kwarara wa injin jirgin ran Asabar don wanki. Bisimilla ta zo masa har leɓe, yadda uwarsa ta koya masa. Ya dubi Turawan da ke gefensa, ya tuna shi Musulmi ne a gindin jirgi, ya haɗiye ta. Kaico!

"Su ba su sani ba," in ji muryar. "Kai ka sani. Da ka faɗa, da na janye ɗana. Ya ƙone, ya mutu. Rai a bakin rai."

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "Yarinya ba ta zuba miki komai ba."



"To, ya faɗa da bakinsa," in ji muryar.

Maitama ya durƙusa gaban 'yarsa. "Ni ne. Tsoron idon mutane na ji. Ki yafe mini."

"Yarinya na bar maka. Yafiya kuwa, sai mun haɗu gaban Allah."

Sadiyya ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Umaima na hamdala, Malam na naɗe carbi, Maitama ya kama hannun rigarsa.

"Malam, don Allah kira baƙuwar ta dawo. Ko sunan yaron ban tambaya ba."