Facin Ƙarƙashin Benci

Ƙarfe tara na safe wani masunci da ake kira Dogo ya shigo caji ofis yana jan wata dattijuwa da gefen mayafi.

"Yallaɓai, ga ta! Kwale-kwalena da aka sace wata biyu da suka wuce, yau na gan shi a hannunta."

"Sakar mini mayafi, ɗan nan. Na haifi wanda ya girme ka."

Iya mai kifi ce. Ta ce kwana huɗu ke nan da ta sayi jirgin, tsoho ne mai rahusa, a wurin wani kafinta na bakin ruwa da ake kira Bahago, don ta riƙa hayewa tsallake tana saro kifi da kanta. Rasit? Babu.

Saje ya rufe littafin rahoto. "Yallaɓai, magana ta ƙare. Kowa ya san abin da ya yi araha haka na sata ne. A rufe ta kawai."

Sufeto, shugaban ofishin, ya dubi tsohuwar. Shekara ashirin yana wannan aiki, kuma ya lura duk inda aka ce kowa ya sani, to babu wanda ya tashi ya je ya duba. In ya bi ta Saje, tsohuwar nan ta rasa jirgi, ta kuma tsaya gaban alƙali da laifin karɓar kayan sata.

Ya shiga da Dogo ofishinsa shi kaɗai. "Da me ka gane naka ne?"

"An sake masa fenti, amma ƙarƙashin bencin baya akwai facin gwangwani, ƙusa bakwai. Bara na buga shi da hannuna."

"Bara?"

"Bara, ranka ya daɗe."

"Sa hannu a nan."

A bakin ruwa Sufeto ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya durƙusa cikin jirgin. Ga faci, ga ƙusa bakwai. Saje ya yi murmushi.

Sufeto ya ciro makullin mota ya kankare kwaltar da aka shafe facin da ita. Kawunan ƙusoshin suka fito suna ƙyalli. Duk sauran ƙusoshin jirgin tsatsa ta cinye su.

"Saje, wace irin ƙusa ce ke shekara a ruwa ta fito kamar amarya?"

Ya ɗora takarda a kan facin ya zana girmansa, sannan ya sa aka kira dattijuwar.

"Iya, yaushe aka yi wannan?"

"Ranar ciniki. Na ce ba zan saya a kan tudu ba, sai an tura shi ruwa na zauna a ciki. Mazan wurin suna ta dariya, wai tsohuwa za ta koya wa kafinta aiki. Ban daɗe ba na ji zanena ya jiƙe. A gabana Bahago ya yanka gwangwanin fenti ya toshe hujin."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Sajenka ya gama shari'a tun a kantar ofis."

Rumfar Bahago cike take da katako da warin kwalta. Yana feƙe filafilin tuƙa jirgi, ko kai bai ɗaga ba.

"Wannan matar? Ban taɓa ganinta ba, yallaɓai. Ni gyara nake yi, ba na sayarwa."

Sufeto ya fita. Ya zagaya bayan rumfa inda ake zubar da tarkace, ya shiga juya gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya, rana na dukan ƙeyarsa. Saje ya ce a haƙura. Sufeto bai ko waiwayo ba. A na goma sha ɗaya ya sami mai yankakken ciki. Ya ɗora takardarsa a kai, ta zauna daram.

Ya sa aka kawo Dogo, ya tsayar da shi da Bahago kafaɗa da kafaɗa.

"Dogo, an sace jirginka wata biyu. An yi facin nan kwana huɗu. Wa ya ƙirga maka ƙusoshin?"

Dogo ya juya kan Bahago a fusace.

"Kai ka ce in faɗi facin! Ba ka ce mini sabo ba ne!"

Bahago ya ce, "Rufe mana baki, sakarai! Wallahi ƙanwata ta yi asarar miji."

Daga nan sai zance ya kwance. Jirgin na Dogo ne tun asali. Dabararsu ita ce Bahago ya sake fenti ya sayar da rahusa, bayan 'yan kwanaki Dogo ya bayyana da ihun sata da wata ɓoyayyiyar alama. Mai saye, don tsoron 'yan sanda, ya saki jirgi ya gudu. Sau uku suna yi.

"Ba mu taɓa zuwa ofis ba sai yau," in ji Bahago, kansa a ƙasa. "Ita ce ta ƙi saki."

Aka buga musu ankwa ɗaya, hannun hagun Bahago da na daman surukinsa, aka nufi mota da su.

"Iya, mai jirgi ne ya sayar miki ta hannun abokin cin mushensa," in ji Sufeto. "In an ɗauki hotonsa, naki ne."

Ta gyara mayafi, ta dubi Saje sama da ƙasa.

"Ɗan nan, gobe kifina zai yi araha sosai. In za ka zo saye, kada ka manta da ankwarka."