Ƙafar Wando Ɗaya

Amarya na gaban madubi tana juyi, kwat da wando ruwan toka sun zauna mata ɗas. Auren ya kwana biyu, amma har yau Amarya ake ce mata a gidan, don surukarta, Inna, ta ce ita ba ta ga ranar tsufanta ba. Jibi Amarya za ta fara aiki a wani kamfanin sufuri, aikin da ta nema har takalminta ya suɗe.

Mijinta Auta, mai gyaran wayoyi, ya riƙe haɓa daga bakin gado.

"Kai! Madam Manaja! Wallahi ni ma sai na nemi izini kafin in shigo ɗakin nan."

"Don Allah ka zama siriyos," ta ce tana dariya. "Ƙawata ta ce duk wadda ba ta sa kwat ba, kallon 'yar aike ake mata a ofis."

"To don wa na sha ranar kasuwa wajen sayen sa? Ke dai ki riƙa tunawa da talaka."

Suna cikin haka aka ɗaga labule. Inna ce, allura a hannu ɗaya, zare a ɗayan. Tsohuwar tela ce, hannun na nan da ƙwarinsa, idon ne ya yi ritaya. Kullum Amarya ke zura mata zare, daga nan kuma hira ta ɓarke har rana ta karkata.

Inna ta yi turus.

"Auta, baƙo ka yi ba ka faɗa min ba? Ɗan wane ne wannan saurayin?"

"Inna, ni ce fa. Kayan aiki ne..."

"Kayan aiki! Ashe aikin da wando ake yin sa, ba da kai ba?" Ta juya kan ɗanta. "Kai kuma mijin-ta-ce, kana zaune kana washe baki! To ku ji: muddin ta taka ƙofar gidan nan da wandon nan, ni da ita za mu sa ƙafar wando ɗaya. Aikin ma na janye amincewata. Ko ka hana ta, ko in tattara in koma gidan yayanka!"

Ta saki labulen, ta tafi da allurarta ba zare.

Amarya ta zauna daɓas, hawaye shar. Auta kuwa gaba kura, baya sayaki: uwa ba a canza ta, matar nan kuma ransa ce. Ya yi ta susar ƙeya har dabara ta faɗo masa, irin dabarar maza wadda ba ta kai azahar.

"Yawwa! Ki fita da doguwar riga, kwat ɗin a jaka. Sai ki canza a shagona. Simpul!"

"A shagonka? Tsakanin caja da batir?" Ta share ido. "A'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba zan ci abincin Inna da safe in yaudare ta da hantsi ba."

"To aikin fa?"

Amarya ta cire kwat ɗin, ta rataye. Tana son aikin nan kamar me, tana kuma tsoron ta zama sanadin raba ɗa da uwa.

Washegari gidan ya yi tsit. Amarya ta gaida Inna, aka amsa da hanci. Ta kai abinci, aka dawo da kwanon a rufe. Amarya ta ci gaba da hidimarta.

Da la'asar tana shanya, sai ta hango Inna ta taga, zaune gaban keken ɗinkinta. Ta lashi bakin zare, ta kai, ya goce. Ta sake lasa, ta ƙanƙance ido, ya sake gocewa. Can ta ajiye, ta zuba wa kujerar da Amarya ke zama ido. Nan tausayi ya kama Amarya, ta gane ba wando ne ke cin tsohuwar ba.

Ta shiga ɗaki, ta ninke kayan, ta zo ta durƙusa.

"Inna, ga su. Ki yi yadda kika ga dama da su. Kwat a kanti ake sayen sa, uwa kuwa ban san kantinta ba."

Ta ɗauki zaren, ta zura shi tashi ɗaya.

Inna ta kau da kai. "Kya fita tun safe sai yamma. Ki saba da masu turanci, ki dawo ki tarar da tsohuwa mai lasar zare. Wa zan yi wa surutu? Bango?"

"Haba Inna! Wa zan kawo wa gulmar ofis in ba ke ba? Auta? Shi da ba ya riƙe labari ko na minti ɗaya?"

"Ina ji fa!" in ji Auta daga bayan ƙofa, inda ya laɓe.

Dariya ta kuɓuce wa Inna, ta haɗa da hawaye. Ta warware wandon, ta ɗaga, ta murza yadin.

"Yadin dai ba laifi. Miƙo min almakashi."

"Inna!" Auta ya faɗo ɗakin. "Sabo ne fa!"

"Rufe min baki. Na ce za mu sa ƙafar wando ɗaya, ni kuwa ba na magana biyu."

Ta farke ɗinkin cikin ƙafafun tun daga sama har ƙasa. Ta buɗe akwatinta, ta ciro wani yadi shuɗi da ta daɗe tana rowarsa, ta yanka, ta cike tsakani gaba da baya. Amarya na riƙe, Inna na taka keke. Kafin magariba ƙafa biyu sun zama ɗaya: dogon siket har idon sawu.

Da safe Amarya ta sa shi da kwat ɗin a sama, ta yafa gyale. Auta ya dafe ƙirji ya ce a sake ɗaura masa auren.

A ofis kuwa sai ta ga abin dariya. Wata da kwat, wata da atamfa, wata da riga da siket, kowa na aikinsa. Shugabar da kanta doguwar riga ce a jikinta. Ba wadda ta tambayi Amarya wando, aikin da ta iya aka tambaye ta. Sai da za a tashi shugabar ta tsaya, ta kalli shuɗin nan.

"Wa ya yi miki wannan ɗinkin?"

"Ranki ya daɗe, ni da surukata ne muka sa ƙafar wando ɗaya."

Matar ta zaro ido. "Subhanallahi! Wa ya yi nasara?"

"Mu duka."

To 'yan mata, ku ji da kyau. Kwat ado ne, mai so ta sa, amma ba shi ke aiki ba, mai shi ke yi. Kuma ba duk faɗan babba ne ƙiyayya ba. Wani tsoron kaɗaici ne ya rasa bakin faɗa. Da Amarya ta mayar da baƙar magana, da ta tsira da wando ta rasa uwa. Haƙuri ya bar mata aikin, da mijin, da Innar.

Har yau, kafin ta ɗauki jaka, sai ta zura wa allurai zare ta jera su a jikin labulen Inna. Inna kuma takan zare guda ɗaya ta ɓoye, don in Amarya ta dawo ta sami dalilin kiran ta ta zura mata wata.