Bangon da Ba Ya Bushewa

Ku rage fitilar nan, ku matso. Wannan ba ji na yi ba. A kaina ya faru, shekarar da aka kai ni aure Fatakwal.

Can ruwa ba ya ɗaukewa. Ashana ba ta kamawa, gishiri narkewa yake a kwano. Ɗakin da maigidana ya kama mana, bangon bayan gado kullum gumi yake, baƙar funfuna ta haura shi har tsayin mutum. Na fara tari. Na ce zan kankare.

Ya ce, "Danshi ne kawai, Hansatu. Kada ki taɓa bangon nan."

Da hannunsa ya jingina akwatin kayana da bangon. Ni kuma na kulle shi yadda aka saba a gida, makulli a wuyana. Shi kuwa da hadari ya haɗu sai ya ce zai kwana kasuwa wajen buhunan albasarsa.

Ran nan dab da magariba, ba ya nan, tarin ya ishe ni. Na tafasa ruwa, na zuba omo, na ɗauko soson ƙarfe na hau gurza.

"Amarya, sannu da aiki."

Ba a yi sallama ba. Ƙofar ma na sa sakata. Muryar mace ce, kamar mai magana daga cikin randa. Kun san ni ban iya kallon baƙo a ido, sai na sunkuyar da kai. Shi ya sa na ga ƙafarta. Fara fat, ta yamutse kamar ta kwana a ruwa. Zanenta yana ɗiga.

Na san zanen. Atamfar da Inna ta sayar da akuyarta ta saya mini ce. Ko sau ɗaya ban ɗaura ba, tana cikin akwati. Na shafa wuyana. Makulli yana nan.

Ta ce, "Bayana kike gurza. Da zafi."

Na ce, "Yi haƙuri, Iya, ban sani ba."

"Mijinki ya sani. Mun yi magana tun ba ki zo ba. Kasuwarsa ta yi albarka, ni kuma duk abin da ya jingina da bangon nan nawa ne."

Ina jin ɗigar ruwan a siminti.

Ta ce, "A cikinku wa ke kwana ta bango?"

Ni ce. Tun daren farko shi ya ce in matsa ciki.

Ban san sadda na zare sakata ba. Ayatul Kursiyyu a bakina, ba takalmi, na faɗa ɗakin maƙwabciyarmu Maman Uwani. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai rufe ni da bargo.

Da safe muka buɗe akwatin tare. Atamfar tana ciki a ninke, jiƙe sharkaf, da ɗumin jikin mutum.

Muna tsaye maigidana ya shigo. Ya dubi inda na gurza.

Na ce, "Ta zo."

Na so ya ce, "Wa?" Wallahi na so ya ce, "Wa?"

Sai ya ce, "Ai ta yi alkawari ba za ta yi miki magana ba."

A ranar Maman Uwani ta sa ni a motar gida, daga ni sai kayan jikina. Muna wuce Lokoja tarin ya tsaya.

Ku da za a kai nesa, in kuka ga bango yana gumi, ku tambayi matan gidan kafin ku kwana. Kada ku tambayi wanda ya kama ɗakin.